Walimar Bayan Sallah a Ofishin Gona

Ni ne masinja, makulli a hannuna yake.
Shekara goma sha tara ina buɗe ƙofar ofishin gona a Kiyawa,
in ana zancen walima, a tambaye ni.

Ran Laraba, kwana huɗu da layya,
muka jawo bencina gindin darbejiya.
Karo-karo aka yi, dubu-dubu,
mu na ƙasa ɗari biyar.
Barmo direba ya ce a rubuta masa bashi,
aka rubuta, a ƙarƙashin na bara.

Uwale mai shara ta sauke dambu da zogale,
kwanon ya fi teburin akawu faɗi.
Kowa ya kwance ƙullin naman Sallarsa.
Na wani ya soyu har yana ƙara a haƙori,
na wani kitse ne zalla,
ba a kama suna ba, amma duk an kalli Sagiru.
Istifanus na sito bai yi layya ba,
shi ya fi kowa nama, maƙwabta sun cika masa kwando.
Ya zo da zoɓo mai citta a jarka
da ƙanƙarar da ya goyo a babur tun daga Dutse,
rabinta ta ƙare a wandonsa.

Ba naman ba ne fa.
Nama ko a tasha akwai shi.

Malam Nasidi, shugabanmu,
wanda in ya yi gyaran murya fayil kan zame daga hannu,
ya cire hula ya ɗora a gwiwa,
ya bar kujera ya sauko tabarma.
Yatsunsa da nawa suka haɗu kan tsoka ɗaya.
Na janye.
Ya ce, “Ɗauka, Ilu. Yau a tire kaɗai ake sa hannu.”

An shirya jawabi, shafi uku cur.
Aka ja janareta don lasifika,
ya yi tari biyu ya kwanta.
Shugaba ya ninke takardar ya yi fifita da ita,
ya ce, “Allah ya maimaita mana.”
Ban taɓa jin jawabin da ya kai wannan daɗi ba,
kuma ban taɓa jin amin mai ƙarfin ta ranar ba.

Doka ɗaya muka kafa:
duk wanda ya ambaci takin da bai iso ba, naira ɗari.
Tsalha akawu ya biya sau uku,
na ukun da gangan, don a sayo goro.

Sai Dije mai buga takardu,
wadda muka ɗauka Allah bai ba ta murya ba,
ta miƙe ta kwaikwayi shugaba yana neman tabarau
alhali suna bisa goshinsa.
Wuri ya yi tsit. Har kaza ta tsaya da tsatsa.
Ya dube ta, ya shafa goshi, ya taɓo su,
ya fashe da dariya har sai da na miƙa masa ruwa.

Kafin a suɗe tire Uwale ta ware kaso guda,
ta ɗaure a leda, na gidan Baba Jatau maigadi
da ya bar mu watan azumi.
Muka shafa masa addu'a da hannuwa masu maiƙo.

La'asar sakaliya hadari ya haɗo daga gabas.
Kowa ya kama abin da ke kusa da shi.
Benci ɗaya, ni a kai, shugaba a gindi,
ina tafe da baya yana cewa, “Hankali da dakali.”

Gobe zai danna ƙararrawa,
zan rusuna in ce ranka ya daɗe.
Ba komai.
A rajistar zuwa aiki, shafin Laraba,
akwai tambarin yatsa na man soya.
Ba a san na wa ba ne,
kuma ni dai ba zan goge ba.